Farar Ƙurar Tsohuwar Magaza

Ajuma mai kunu ce ta fara ganin gawar. Ta zo da sassafe ta kafa tukunyarta a bakin shantiye, filin da ake sharewa don gina sabuwar tashar mota ta Gaya, sai ta tarar da Alassan mai gadi kwance rubda ciki kusa da wayar shinge, sandarsa a karye a gefensa. Ba ta yi kururuwa ba. Ta sauke tukunyar, ta cire gyalenta ta rufa masa kai, ta nufi birgad, ofishin jandarma.

Kafin hantsi ya dubi ludayi duk gari ya ji. Kuma ba mutuwar kaɗai aka ji ba, har abin da Alassan yake gadi ya ɓace. A filin nan da akwai tsohuwar magaza, wato ma'ajiyar auduga, ta zamanin Faransa. Da aka rushe ta, sai aka tara ɓaraguzan kwanon rufinta, irin na siminti, da buhunan wani farin gari da aka kankaro daga jikin bututunta, aka kewaye su da waya aka sa gadi. Yanzu babu tsibin, sai farin tabo a ƙasa.

Zamanin soja ne. Kumandan da ke riƙe da gari yana jiran manya daga Yamai su zo aza tubalin tashar, kuma magana biyu ce ba ya son ji: "ban sani ba" da "sai gobe". Saboda haka kafin azahar an kama Yacuba, manomin da aka ƙwace wa lambu aka haɗa da filin. Kowa ya san ya taɓa zagin Alassan a bainar jama'a. Ga kuma sawun amalanken jakinsa a bakin waya. A kasuwa wasu suka ce shi ne, wasu suka ce ƴan fasa-ƙwaurin fetur ne, wasu suka ce abin da soja ya sa wa gadi ai ba banza ba ne, ƙila zinariya Bature ya binne.

Ajidan Mamman, shugaban jandarma, bai gamsu ba. Sai ya aika a kira Jibo.

* * *

Jibo mutumin Bengou ne, tun yana saurayi yake bin sawun shanun sata, ya bi su zuwa Kamba, ya bi su har ƙetaren kogi. Yanzu ya tsufa, ya dawo Gaya kusa da autarsa Ramatu. Halinsa ne ya dubi ƙafar mutum kafin ya dubi fuskarsa.

A bakin shantiyen surukinsa Lawali ya tarye shi, mijin Ramatu, wanda shi ne shugaban ƴan ƙwadagon wurin. Ya cire silifa, ya durƙusa.

"Kun iso lafiya, Baba?"

"Lafiya lau. Allah ya jiƙan mutuminku."

"Amin, Baba."

Wata mace ta matso, ta ɗaure hanci da baki da jiƙaƙƙen ƙyalle, ta miƙo masa irinsa. Madam Fadima ce, ma'aikaciyar lafiya da aka turo daga Yamai saboda aikin rushe magazar.

"Ku ɗaura wannan, Baba, kafin ku shiga."

"Ɗiyata, na shaƙi ƙurar garke tun ba a haifi uwarki ba."

"Wannan ba irinta ba ce. Amiyant ake ce mata. In kwanon ya fashe, wasu siraran zaruruwa ne ke tashi, ido ba ya ganinsu. In sun shiga huhu ba su fitowa. Ba yau za su kama mutum ba, ba baɗi ba. Sai ya manta, ya yi furfura, sannan numfashi ya fara gagarar sa, kuma babu magani."

Jibo ya jujjuya ƙyallen. "Gubar da ta fi ni haƙuri," in ji shi. Amma ya ɗaura.

Suna tafiya tana ba shi labari. Dabarar ita ce a riƙa jiƙa tsibin da ruwa don kada ya tashi, a haƙa rami mai zurfi a binne shi, a danne da jar ƙasa, a sa alama kada kowa ya sake tonawa. An haƙa ramin, sai ruwa ya ɓullo, don filin yana kusa da fadama. Ta ce sai an haƙa wani a kan tudu. Kumandan ya ce shi dai fili yake so a share kafin baƙi su zo.

"Mutanen nan sun yarda da maganar ƙurar?" Jibo ya tambaya.

"Na tara su na yi musu bayani, dariya suka yi mini. Ɗaya ko biyu ne suka saurara."

Ƴan kallo sun riga sun tattake wurin da gawar ta kwanta. Duk da haka Jibo ya tsuguna kan sandar Alassan, ya daɗe yana dubanta.

"Ba hannu ya karya wannan ba," ya ce wa Ajidan. "Taya ce ta hau ta. Mutumin yana tsaye a bayan mota, motar ta yi baya."

"Amalanken Yacuba fa?"

Jibo ya bi sawun amalanken daga inda ya shigo har inda ya juya. "Da nauyinsa ya zo, da shi ya koma. In ya ɗauki wani abu, bai fi abin da mace za ta ɗauka a kai ba."

* * *

Yacuba yana zaune a kaso, ɗakin tsare mutane na jandarma, leɓensa a kumbure. Da ya ga Jibo sai ya kau da kai.

"In kai ma cewa za ka yi ni ne, ka faɗa ka tafi."

"Me ya kai ka bakin waya jiya?"

Yacuba ya ce, "Dashen mangwaro. Mahaifina ya shuka uwar, ƴaƴanta sun tsiro a gindi. Na ce kafin su zuba siminti in tone su. Na bari sai da gari ya watse zuwa kallon kokawa da la'asar."

"Alassan ya gan ka?"

"Ya gan ni. Ya juya mini baya don kada ya gani." Ya shafa leɓensa. "Mun yi faɗa, gaskiya ne. Amma shi ya juya mini baya."

"Me kuma ka gani?"

"Kamiyon shantiye, babbar motar nan, a gindin tsibin. Wasu samari suna loda kaya, ba ƴan garin nan ba ne, Dandanci suke yi irin na ƙetaren gada. Na ɗauka aikin gwamnati ne."

"Wa ke tuƙi?"

"Ban ga kowa a gaba ba. Ni ma ɓarawon kaina nake a lokacin, ban tsaya kallo ba."

* * *

Mai tuƙa kamiyon, Hama shofer, ya rantse yana filin kokawa tun daga fari har ƙarshe. Ajidan ya tambaye shi wa ya kayar da wa, ya kasa faɗa. Aka matsa masa, gumi ya keto masa, sai ya amsa cewa yana Malanbil, garin ƙetaren gada, ya je ɗauko jarkokin fetur a ɓoye. Makullin kamiyon kuwa a ƙusa yake rataye cikin rumfar shantiye, kowa ya sani.

"Shi ne," in ji Ajidan a hankali, da suka koma gefe. "Mai ƙarya ɗaya mai ƙarya biyu ne."

Jibo ya zagaya bayan kamiyon ya leƙa. An wanke shi fes, har saƙo-saƙon da ke tsakanin katako.

"Hama, yaushe rabonka da wanke motar nan?"

"Ni? Motar yashi ce, Baba. Ruwan sama ke wanke ta, shi ma bai zo ba tukuna."

Daga ƙofar shantiye Jibo ya kama hanya, Ajidan da Madam Fadima suna binsa a mota a hankali. Sawun taya ba ya faɗin komai a hanyar da manyan motoci ke bi dare da rana. Amma duk inda hanya ta yi rami, inda mota za ta girgiza, sai ya ga ɗan farin gari ya zuba kan jar ƙasa. Haka ya bi shi rami bayan rami, ya fita gari ta hanyar Tanda, rana tana dukan ƙeyarsa, har inda sawun ya sauka daga hanya ya nufi wani kwazazzabo a bayan wani ɗan ƙauye.

Nan aka juye kayan. Amma rabi ya riga ya tafi.

Sawun mata ne birjik, daga kwazazzabon zuwa ƙauyen. A bakin ƙauyen wata tsohuwa ta riga ta rufe akurkin kajinta da ɓallin kwano. Wata ta dama farin garin a ƙwarya tana shafe bangon ɗakinta, hannunta fari har gwiwa. Yara sun sami abin zane, sun cika jikin rumbu da hoton raƙuma.

"Allah ne ya kawo mana," in ji mai shafen, tana murmushi. "Ya fi farar ƙasa kyau."

Madam Fadima ta zauna a kan wani kututture ta dafe kai. Sai a lokacin Jibo ya yarda da maganarta har zuci, don ya sha ganin mutane suna tsoron ƙarya, ya san kamanninsa, wannan ba shi ba ne.

* * *

Suna dawowa abu ɗaya yake ta juyawa a ransa. Ɓarawo ba ya wanke mota sai in yana tsoron abin da ta ɗauko. Kuma wanki sai da ruwa.

Akwai tsohuwar rijiya a bayan kangon magazar, inda ciyawa ta rufe, ƴan kallo ba su kai can ba. Jibo ya ce su jira shi, ya tafi shi kaɗai. Ƙasar bakin rijiyar ta sha ruwa ta bushe, ta riƙe komai kamar an rubuta. Ga inda kamiyon ya tsaya. Ga sawun mutum ɗaya da manyan takalman aiki, ya kai ya kawo da guga. Ga inda ya tsaya ya kwarara wa kansa ruwa. Daga nan sawun takalmi ya ƙare. Wanda ya bar wurin ƙafarsa a tsirara take.

Jibo ya durƙusa. Siririyar ƙafa ce, yatsun a matse, irin ta wanda ya saba da takalmi. Babban yatsan dama ya karkace ya hau na kusa da shi.

Ya daɗe a durƙushe. Ya san sawun nan. Ya sha share shi da safe a ƙofar zaurensa.

Iska ta ɗan motsa ciyawa. Babu mai ganinsa. Tafin hannu ɗaya ya isa ya shafe wurin, ya koma ya ce wa Ajidan sawu ya ɓace, kamar yadda sawu yake ɓacewa. Ya miƙa hannun har ya taɓa ƙasa. Sai ya tuna leɓen Yacuba, da abin da ake yi wa mutumin da Kumandan ya riga ya yanke wa hukunci a ransa.

Ya ɗauko wani fasasshen kasko ya kife a kan sawun, ya miƙe da ƙyar, ya koma wurin Ajidan.

"Ajidan, a samo ƙugiya. Akwai abu a rijiyar nan."

Ba a daɗe ba ƙugiyar ta fito da takalman fata na aiki, an ɗaure igiyoyinsu wuri ɗaya, ko dunduniyarsu ba ta cinye ba.

"Wa zai jefar da wannan a wannan zamani?" in ji Ajidan.

"Wanda ya saurari Madam," in ji Jibo.

* * *

Washegari da hantsi aka tara su a farfajiyar birgad: Yacuba daga kaso, Hama shofer, Ajuma mai kunu, Madam Fadima. Jibo ya sa an zuba yashi mai laushi an baje, ya ɗauki kujera ya zauna a ƙarshensa. Jama'a sun yi cincirindo a bakin ƙofa.

Yacuba ya taka yashin. Ƙafar manomi ce, faffaɗa, yatsu a warwatse, dunduniya duk faso. Hama ya taka, tasa kamar faranti. Jibo ya girgiza kai sau biyu. Ya sa aka sake baje yashin.

"Saura wa?" in ji Ajidan.

"Shugaban ma'aikata bai zo ba?" in ji Jibo.

Aka kira Lawali daga cikin jama'a, inda yake tsaye a matsayin shaida. Ya fito. Babu wanda ya ce masa ya cire takalmi. Amma surukinsa ne zaune a gabansa, kuma tun ranar da ya fara zuwa neman Ramatu bai taɓa tunkarar tsohon da takalmi ba. Ya tsaya a bakin yashin. Ya dubi takalman fatar da aka ajiye gefen kujera, ya dubi Jibo. Ya gane. Sannan ya cire silifarsa ɗaya bayan ɗaya, ya tako yashin, ya durƙusa.

"Ina kwana, Baba."

Ajidan ya sunkuya ya dubi babban yatsan da ya karkace, don shi ma an ɗaga masa kaskon ya gani.

"Ni ne," in ji Lawali, kansa a ƙasa. "A saki Yacuba."

Ya ci gaba da magana kamar mai karanta abin da ya hardace. Kumandan ya kira shi ofis, ya ce in baƙi suka zo suka tarar da tsibin nan, shi Lawali zai ƙare aikinsa a kurkukun arewa inda ko wasiƙa ba ta zuwa. Bai tambayi yadda za a yi ba, ba a kuma gaya masa ba. Ya ɗauko samari daga ƙetaren gada, suka loda. Alassan ya ce Madam ta hana, ya tsaya a bayan motar da sandarsa. Shi kuma ya ɗauka in ya ja baya kaɗan mutumin zai kauce.

"Maganar ofis ɗin nan ban ji ta ba," in ji Ajidan, yana duban bakin ƙofa. "Kai ma ba ka faɗe ta ba."

Jibo ya dubi surukinsa. "Ka wanke mota. Ka wanke jikinka. Ka jefar da takalmi. Ka san abin da ka ɗauka. Me ya sa bayan gidajen mutane?"

"Bayan dutse na yi niyya, Baba. Tsoro ya hana ni kaiwa can. Kwazazzabon da na fara gani na juye."

"Alassan yana numfashi lokacin da ka tafi?"

Lawali ya ƙara sunkuyar da kai.

"Ban sauka na duba ba."

Ajuma ta rufe fuska da gyale. Yacuba, wanda aka kwance wa hannu, bai ko motsa daga inda yake ba.

* * *

Baƙi suka zo, aka aza tubalin, aka yi tafi. Kumandan ya yi jawabi ya yabi tsaftar filin. An wuce da Lawali kurkukun Dosso a bayan motar jandarma.

Jibo da Madam Fadima suka koma ƙauyen nan, shi yana bin sawun mata gida-gida, ita tana roƙo. Wasu suka bayar. Wasu suka ce an zo ne a ƙwace a sayar, suka tura nasu ƙarƙashin gado. Tsohuwar mai kaji ta ce ita shekarun da suka rage mata ba su kai waɗanda ƙurar ke jira ba, a bar mata akurkinta. Abin da suka samu suka binne a tudu. Bangon da aka shafe kuwa, babu mai rushe ɗakinsa don maganar baƙuwa. Kafin su gama aka kira Madam Fadima ta koma Yamai, ba a turo kowa a madadinta ba.

Sai bayan nan Jibo ya iya zuwa gidan Ramatu. Ya tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki, jaririyarta tana barci a kan tabarma ƙarƙashin rumfa. Ta gaishe shi, ta kawo ruwa, ta koma ta zauna nesa.

"Baba, da kun yi shiru, wa zai sani?"

"Yacuba ma yana da ƴaƴa, Auta."

"Na sani." Ta goge ido da bakin zane. "Ni ma na ga alama, na ƙi tambaya. Ranar da ya dawo ba takalmi, ya dunƙule kayan aikinsa a buhu ya tura bayan randa, ya ce kada in taɓa, zai ƙona su. Har aka kama shi bai ƙona ba. Da aka tafi da shi na ce bari in wanke in kai masa, ko ya sami na canji. Sai da na yi ta kakkaɓewa, fari fat kamar ya kwana a injin niƙa."

Jibo ya ajiye kwanon ruwan a hankali.

"A ina kika kakkaɓe?"

"Nan, a rumfa. Me ya faru?"

"Ita tana ina?"

"Inda take yanzu. Baba, mene ne?"

Ya tashi ya ɗauki jaririyar. Ta motsa, ta yi hamma, ta kwantar da kai a kafaɗarsa, numfashinta ɗumi a wuyansa.

"Taso mu tafi gida," ya ce. "Bar tabarmar. Bar komai, zan sa a kawo miki abin da ya kamata."

"Ba za ku gaya mini ba?"

"Zan gaya miki. Ba a nan ba."

Ramatu ta dube shi, ta dubi rumfar. Ba ta sake tambaya ba. Ta ja ƙyauren gidan ta sa kwaɗo, ta bi bayansa.